JARIRI A JIRGIN SAMA: CINYA KO KUJERA? LISSAFIN DA KE GABAN IYALAN KONTAGORA

KONTAGORA — Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen tikitin jirgin sama domin iyalinsa alhali maiɗakinsa tana da goyo, ya san tambayar da wakilin sayar da tikiti kan yi masa kafin a kai ga maganar kuɗi: shin za a riƙe jaririn ne a kan cinya, ko kuwa za a saya masa tasa kujerar? Akasarin magidanta ba su ɓata lokaci wajen ba da amsa, domin bambancin farashin da ke tsakanin hanyoyin biyu ba ƙarami ba ne. Sai dai kuma hukumomin binciken haɗurran jiragen sama sun daɗe suna jan kunnen iyaye cewa a cikin wannan zaɓi akwai batun lafiyar yaro, kai har ma da ransa.

Ga mazauna Kontagora da kewaye lissafin ya ƙara faɗi. Garin, duk da matsayinsa na hedikwatar masarauta kuma babbar cibiyar cinikin hatsi da dabbobi a Jihar Neja, ba shi da filin da jiragen fasinja ke sauka bisa jadawali. Wanda zai tafi Umara, ko sarin kaya a Legas, ko neman magani a Alƙahira, tilas ne ya fara da mota: kusan kilomita 200 zuwa Minna ta hanyar Tegina da Zungeru, ko kuma fiye da kilomita 300 zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja. Ke nan jaririn Kontagora tafiya biyu ke gabansa, ta ƙasa da ta sama, kuma shawarar da mahaifinsa zai yanke ya kamata ta haɗa duka biyun.

Yadda Farashi Yake

Bisa tsarin da kamfanonin jiragen sama na duniya ke bi, jariri shi ne yaron da bai cika shekara biyu da haihuwa ba. A Nijeriya, kamar a yawancin ƙasashe, wajibcin zama a kujera da ɗaura bel yana hawa ne kan wanda ya kai shekara biyu. Wanda bai kai ba, an yarda babba ya riƙe shi.

A tafiye-tafiyen ƙasashen waje jaririn da za a riƙe yakan biya kimanin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin babba, ban da haraji. Idan kuwa aka saya masa kujera, sai a caje shi kuɗin yaro, wanda a kamfanoni da yawa yakan kama kashi 75 cikin ɗari, wasu kamfanonin ma ba su yin rangwame ko kaɗan. Alal misali, a ce tikitin babba zuwa Jidda da dawowa Naira miliyan ɗaya ne. Jaririn cinya zai biya Naira dubu 100, mai kujera kuwa Naira dubu 750. Ratar Naira dubu 650 ce, wadda ga ƙaramin ɗan kasuwa jari ne guda.

Akwai kuma wani tarko da kan kama iyaye. Idan yaro ya cika shekara biyu ana tsakiyar tafiya, dole ne a saya masa kujera a dawowa, domin ana duba shekarunsa ne a ranar kowane tashi. Har ila yau, babba ɗaya jariri ɗaya kaɗai aka yarda ya riƙe, don haka mai tagwaye sai ta sami mataimaki ko ta sayi kujera ga ɗayansu.

Abin Da Hannu Ba Ya Iyawa

Dalilin da ya sa masana ba su gamsu da riƙon cinya ba, lissafi ne mai sauƙi. Tun daga 1988 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Amurka, watau FAA, ta shimfiɗa ƙa'idar cewa kujerun sababbin samfurin jiragen fasinja su iya jure fizgar da ta ninka nauyin abu sau 16. Ma'ana, irin wannan karo ne ake sa ran babba mai ɗaure da bel zai iya tsira daga gare shi. To, a daidai wannan lokaci jariri mai nauyin kilo 10 zai fizgi hannun mahaifiyarsa da ƙarfin kilo 160, watau fiye da buhu ɗaya da rabi na masara, kuma cikin ƙiftawar ido, ba tare da sanarwa ba. Babu uwar da ke da wannan ƙarfi, komai son da take wa ɗanta.

Tarihi ya tabbatar da haka. Ran 19 ga watan Yuli, 1989, wani jirgin kamfanin United samfurin DC-10 ɗauke da mutum 296 ya yi saukar gaggawa a garin Sioux City na Amurka, ya tarwatse ya kama da wuta. Mutum 184 suka tsira, 112 suka rasu. A cikin jirgin akwai yara huɗu da ba su da kujera, kuma bisa ƙa'idar wancan lokaci an umarci iyayensu su ajiye su a ƙasa su danne. Ɗaya daga cikin yaran ya rasu. Shugabar ma'aikatan jirgin, Jan Brown, wadda ta tsira, ta shafe shekaru da dama bayan haka tana fafutukar a tilasta wa kowane yaro tasa kujerar.

Shekara biyar bayan nan, ran 2 ga watan Yuli, 1994, jirgin kamfanin USAir ya faɗi a birnin Charlotte, mutum 37 suka mutu. Cikinsu har da jaririya 'yar wata tara da ta suɓuce daga hannun mahaifiyarta, ita kuwa uwar ta rayu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta bayyana cewa mai yiwuwa ne da yarinyar tana ɗaure a kujerar yara da ba ta rasa ranta ba.

Gaskiya ne akwai haɗurran da babu kujerar da za ta ceci kowa, irin na jirgin Dana da ya faɗi a Legas ran 3 ga watan Yuni, 2012, inda dukkan mutum 153 da ke ciki suka rasu. Amma irin waɗannan ba su ne suka fi yawa ba. Abin da ya fi aukuwa shi ne jirgi ya zame daga kan titinsa, ko ya dira da ƙarfi, ko ya taka burki ba shiri. A watan Fabrairun 2025 wani jirgin Delta ya kife a filin jirgin saman Toronto na Kanada, ƙafafunsa suka koma sama, amma dukkan mutum 80 da ke ciki suka fita da ransu, domin bel ya riƙe su a kujerunsu suna reto. Ba sai an faɗa wa mai karatu halin da jaririn cinya zai shiga a irin wannan yanayi ba.

Sai kuma gargadar sararin samaniya, watau lokacin da jirgi ya faɗa cikin iska mai hargitsi ya riƙa sama da ƙasa kamar motar da ta shiga ramuka. Ran 21 ga watan Mayu, 2024, jirgin kamfanin Singapore da ya taso daga Landan ya gamu da ita a sararin Myanmar. Rahoton farko na masu bincike ya nuna jirgin ya yi ƙasa da kimanin mita 54 cikin daƙiƙa 4.6, waɗanda ba su ɗaura bel ba suka tashi sama suka bugi rufi. Mutum ɗaya ya rasu, fiye da 100 suka jikkata. A nan kusa da gida ma, a watan Janairun 2025 jirgin United da ya tashi daga Legas zuwa Washington ya yi wata girgiza ta ba-zata a sama, fasinjoji da ma'aikata da dama suka ji rauni, ya juyo ya sauka a Legas. Bugu da ƙari, wani bincike da Jami'ar Reading ta Ingila ta fitar a 2023 ya nuna cewa gargada mai tsanani irin wadda ke zuwa alhali sama na garau, wadda na'urar matuƙi ba ta hangowa, ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari a arewacin Tekun Atilantika tsakanin 1979 da 2020.

Saɓani Kan Ɗan Ƙaramin Bel

Matan da suka saba tafiya da goyo sun san wani ɗan ƙaramin bel da ma'aikatan jirgi kan miƙo, wanda ake zura shi a jikin bel ɗin uwa sannan a ɗaure cikin jariri da shi. A kan wannan bel manyan hukumomin duniya sun rabu gida biyu. Hukumar kiyaye lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai ta amince da shi, kuma kamfanoni da yawa a Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya suna amfani da shi. Amurka kuwa ta hana shi, bisa hujjar cewa idan aka yi karo jikin uwa yakan lanƙwashe gaba ya danne yaron, bel ɗin kuma ya matse masa ciki.

Abin da za a fahimta a nan shi ne, ɗan bel ɗin yana hana yaro tashi sama lokacin gargada, wannan kuwa amfani ne babba, amma bai kama ƙafar kujerar yara ba. A kan fifikon kujerar babu saɓani tsakanin ɓangarorin biyu. Ita ma Hukumar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta fitar da littafin jagora a 2015 inda ta ƙarfafa wa ƙasashe gwiwa su sauƙaƙa amfani da kujerun yara a cikin jirage.

Me Ya Hana A Tilasta?

Mai karatu zai iya tambaya, tun da hujja ta bayyana haka, me ya hana hukumomi su mai da kujerar dole? Amsar tana cikin ilmin tattalin arziki. A watan Agustan 2005 hukumar FAA ta janye shirinta na tilastawa, ta ce idan aka tsawwala wa iyali sayen ƙarin tikiti, wasu za su fasa hawa jirgi su kama hanya da mota, alhali kuwa mota ta fi jirgi haɗari nesa ba kusa ba. Kafin nan, wani bincike da likitoci suka buga a 2003 ya ƙiyasta cewa dokar za ta ceci ƙasa da yaro ɗaya a shekara a Amurka, amma idan kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na iyalan suka koma mota, mutanen da za su mutu a hanya za su zarce waɗanda aka ceta a sama.

Hukumar NTSB ba ta yarda da wannan matsayi ba, kuma ta sake ɗaga murya a watan Janairun 2024, bayan wani murfin ƙofa ya ɓalle daga jirgin kamfanin Alaska yana sama, alhali akwai jarirai uku a kan cinya a ciki. Duk da haka darasin yana nan: wanda zai kare yaro sai ya auna tafiyar baki ɗaya, daga ƙofar gida har zuwa masauki.

Idan wannan hujja ta yi ƙarfi a Amurka, to a Nijeriya ta fi ƙarfi. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sun nuna fiye da mutum 5,000 ne suka mutu a haɗurran mota a 2023, haka kuma a 2024. Waɗannan kuwa su ne waɗanda aka rubuta, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta adadin na shekara guda ya doshi 40,000. A ɗaya ɓangaren, an shafe fiye da shekara goma bayan haɗarin Dana ba a sake samun jirgin fasinja mai tashi bisa jadawali da ya faɗi ya ci rayuka a ƙasar nan ba.

Ke nan magidancin da zai fasa jirgi saboda tsadar kujerar jariri, ya ɗebi iyalinsa a mota daga Kontagora ya bi ta Mokwa da Jebba da Ilori zuwa Legas, hanyar da manyan motoci da tankoki ke cunkushe dare da rana, ya gudu ne daga ƙaramin haɗari ya faɗa babba. Jaririn cinya a jirgi ya fi jaririn cinya a mota samun kariya. Haka kuma wanda ya saya wa ɗansa kujera a jirgi, amma ya bar shi a hannun uwa a gaban mota tun daga Kontagora har Abuja, ya kashe kuɗinsa ne a inda haɗarin ya fi ƙanƙanta.

Kujera Ɗaya, Tafiya Biyu

A nan ne mafita mafi araha ta fito. Kujerar yara da ake ɗaurawa a mota, idan tana da shaidar amincewa, ita ce dai ake shiga jirgi da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce amfani da irin wannan kujera a mota yana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari. Sau ɗaya ake sayenta, ta yi aiki shekaru, ƙanne su gaje ta muddin wa'adinta bai ƙare ba. Ko da iyali ba su da halin sayen tikitin jariri, kujerar za ta yi aikinta daga Kontagora zuwa filin jirgi, sannan a miƙa ta a wurin awon kaya, kamfanoni da yawa kuma suna ɗaukarta kyauta. A can masauki ma, tsakanin Jidda da Makka da Madina, za a sake bukatarta.

Ga mai niyyar shiga da ita cikin jirgi akwai sharuɗɗa. Na farko, ta kasance tana da tambarin amincewa. Kujerun Amurka suna da wani jan rubutu da ke cewa an yarda a yi amfani da su a mota da jirgin sama, na Turai kuwa suna ɗauke da lambar ƙa'idar R44 ko R129, kuma wasu kamfanonin sukan nemi ƙarin shaida. Na biyu, faɗinta kada ya wuce kimanin santimita 40, in ba haka ba za ta iya ƙin shiga tsakanin hannuwan kujerar jirgi. Na uku, a gefen taga ake ɗaura ta domin kada ta tare wa wani hanya idan an ce a fita da gaggawa, kuma ba a yarda da ita a layin ƙofar gaggawa ba. Yaron da bai kai kilo tara ba ana juya kujerarsa ta fuskanci baya, mai kilo tara zuwa 18 kuwa ta fuskanci gaba. Ga yaron da ya yi wayon zama, mai kilo 10 zuwa 20, akwai wata ɗamara mai suna CARES da FAA ta amince da ita tun 2006, ba ta da nauyi, amma a jirgi kaɗai take aiki, ba a amfani da ita a mota.

Tun da ƙa'idojin kamfanoni sun bambanta, wajibi ne a bayyana wa wakilin tikiti sunan kujerar da girmanta tun ranar saye, a kuma nemi amincewar kamfanin a rubuce. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma bakin ƙofar jirgi ba wurin gardama ba ne.

Idan Sai An Riƙe

Ga iyalan da ƙarfinsu bai kai ba, akwai matakan da ba su cin ko kwabo. Uwa ta bar nata bel a ɗaure duk tsawon tafiya, haka ma na jariri in an ba ta, ko da fitilar gargaɗi a kashe take. Goyo da zani ko majanyi ba ya maye gurbin bel, kuma ba a yarda yaro ya kasance a goye ba lokacin tashi da sauka. Kada kuma a haɗa uwa da ɗa cikin bel ɗaya, domin nauyinta ne zai murƙushe shi. Ɗan gadon da ake maƙalawa a bango a dogayen tafiye-tafiye na hutu ne kawai, yana da iyakar nauyi, kuma ana cire yaro daga ciki lokacin tashi da sauka. Idan takunkumin iskar shaƙa ya faɗo, babba ya fara sa nasa kafin na yaro, domin in ya suma babu mai taimakon yaron. Kuma tun da ragowar takunkumi ƙididdigagge ne a kowane layi, kada mai jariri ta sauya wurin zama ba da izinin ma'aikata ba. Shayarwa lokacin tashi da sauka tana rage wa jariri ciwon kunne. Sabon haihuwa kuwa, kamfanoni da yawa ba su ɗaukarsa a kwanakinsa na farko sai da takardar likita.

Kasuwa Da Amana

Al'amarin yana da fuskar ciniki. A gari irin Kontagora, inda kowace tafiyar jirgi ke farawa da awoyi a mota, masu shagunan kayan jarirai da masu kayan mota suna da damar kawo kujerun da ke da tambarin gaske. Masu motocin shata zuwa Minna da Abuja za su iya ajiye ɗaya ko biyu su riƙa bayarwa da ɗan ƙarin kuɗi, da sharaɗin bel ɗin bayan motar yana aiki, domin kujerar da ba a ɗaure ba ba ta da amfani. A motocin tasha, inda akan zaunar da mutum huɗu a baya, sai an biya wa kujerar kuɗin wuri guda, wanda duk da haka bai kai ko kusa da kuɗin jinya ba.

Sai dai a yi hattara da kujerun gwanjo. Kujerar da ta taɓa shiga haɗari takan tsage ta ciki ba tare da ido ya gani ba, robarta kuma tana da wa'adi da akan buga a jikinta, zafin rana irin namu kuwa ba ya ƙara mata kwana. Araha ba ta ado, kuma ɗan kasuwar da ya sayar da irin wannan ya ci amanar mai saye.

Su ma wakilan sayar da tikiti da kamfanonin shirya Umara akwai nauyi a kansu. Maimakon su rubuta jariri a kan cinya kai tsaye don su nuna farashinsu ya fi sauƙi, ya kamata su shimfiɗa wa magidanci hanyoyin biyu da kuɗin kowacce da haɗarin kowacce, shi kuma ya zaɓa da saninsa. Wanda ke da hali ya sayi kujerar yara da tikitinta. Wanda ba shi da halin duka biyun ya fara da kujerar, ya ɗaure ɗansa a cikinta tun daga Kontagora, domin a kan hanyar Tegina ne aka fi bukatarta.